Gidan reza na ƙarfe: inda yake fara lalacewa da yadda za ka sa ya daɗe

Wanda ya koma aski da gidan reza na ƙarfe, irin wanda ake kwancewa a sa reza mai baki biyu a ɗaure, yawanci magana ɗaya ce ta ja shi: an ce masa sau ɗaya ake saye, har 'ya'ya su gada. Maganar tana da tushe. King Camp Gillette ya sami takardar mallakar ƙirarsa a Amurka a 1904, kuma har yau akwai masu aske gemu da gidajen rezar da kamfaninsa ya ƙera tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu. Amma kuma akwai wanda ya sayi sabo fil, ko shekara biyu bai rufa ba ƙusar tsakiya ta karye masa a hannu. Wannan bambanci ba na sa'a ba ne. Askin kansa kusan ba ya cin gidan reza da komai, gashi bakin reza yake ci. Abin da ke kashe gidan abu uku ne: danshin da ke kwana a cikin zare (wato tudun nan da ke kewaye jikin ƙusa, wanda ake murɗawa a kai), ɗaurin da ya wuce kima, da faɗuwa ƙasa. Yadda kowannensu zai yi ɓarna kuwa ya danganta da irin ƙarfen da aka yi kayan da shi.

Kafin mu shiga, mu daidaita sunaye. Mafi yawan gidajen reza kashi uku ne. Akwai murfi, wanda ke danne reza daga sama, da ƙusa mai zare a tsakiyarsa. Akwai faranti, wanda reza ke kwanciya a kai, gefensa biyu su ne katangar da ke tare fata. Sai mariƙi, mai rami da zare a ciki, wanda ake murɗawa a kan ƙusar ya matse komai. Murfi da faranti tare su ake kira kai. Akwai mai kashi biyu, inda faranti ke manne da mariƙi, irin Merkur 34C. Akwai mai ƙofofi, wanda ake murɗa gindinsa kansa ya buɗe gida biyu. Akwai kuma mai lambobi, wanda ake ƙara ko rage kaifin askinsa.

Mataki na farko: gano ƙarfen da ke hannunka

Tun ran gini ran zane. Ƙyallin da kake gani a waje ba ya gaya maka komai, domin kusan dukansu rufi aka yi musu na kuromiyam ko nikel. Abin da ke ƙarƙashin rufin shi ne magana.

Mafi yawan sababbin da ke kasuwa, kawunansu na zamak ne. Zamak haɗi ne na tutiya da kusan kashi 4 cikin 100 na alminiyam da ɗan magniziyam da jan ƙarfe, wanda kamfanin New Jersey Zinc ya fitar a 1929. Yana narkewa a zafin da bai kai digiri 400 na ma'aunin Selsiyas ba, yana kuma cika mazubi tsaf, shi ya sa masana'antu ke son sa: ana iya zuba kai dubbai duk fasali ɗaya. Fitattun kawuna irin na Merkur 34C da Mühle R89 na Jamus da Edwin Jagger DE89 na Shefild a Ingila duk zamak ne, kuma suna aski mai kyau ƙwarai. Don haka kada wani ya sa ka raina naka. Sai dai ka san rauninsa guda biyu. Na ɗaya, ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi. Na biyu, ransa yana hannun rufinsa. Muddin kuromiyam ɗin nan yana lafiya, ruwa ba ya isa gare shi. Ranar da rufin ya sami ƙofa, ko da kan allura ce, ruwa ya shiga, sai tutiya ta fara ciwuwa daga ciki, kamar yadda gara ke cin katako ta bar fentin waje yana sheƙi. Haɗuwar tutiya da nikel a cikin danshi ma tana ƙara saurin ɓarnar, domin a irin wannan haɗuwa tutiya ce ke narkewa.

Tagulla, wato haɗin jan ƙarfe da tutiya, ita ce aka yi yawancin tsofaffin Gillette da ita, kuma ita ce sirrin daɗewarsu. In rufinta ya goge sai ka ga rawaya ta leƙo, wani lokaci da kore-kore a lungu. Muni ne kawai a ido, ƙarfen yana nan daram. In ta faɗi lanƙwasa take yi, kuma abin da ya lanƙwasa ana iya miƙar da shi.

Ƙarfe marar tsatsa, irin lamba 316L ko 303, ba ya bukatar rufi, domin kuromiyam ɗin yana cikin jikinsa, aƙalla kashi 10.5 cikin 100. Feather AS-D2 na Japan da Rockwell 6S suna cikin wannan sahu. Shi ne mafi haƙuri da sakaci, amma yana da nasa ciwo a zare, za mu zo kansa. Alminiyam, irin wanda kamfanin Henson ke yi a Kanada, ba shi da nauyi kuma ba ya tsatsa, sai dai yana da laushi: yana lotsewa, zarensa kuma yana saurin cinyewa in aka matsa masa.

To yaya za ka gane naka? Fara da takardar kamfani in akwai. In an rubuta "ƙarfe mai rufin kuromiyam" kawai ba a faɗi wane ƙarfe ba, ka ɗauka zamak ne. In babu takarda, duba ƙarƙashin murfi da faranti. Zamak yakan bar siririn layi inda mazubi ya haɗu, da 'yan da'irori ƙanana inda aka turo shi waje. Duba kuma inda rufi ya goge: rawaya tagulla ce, toka-toka marar haske zamak ne. Nauyi ma yana taimakawa, domin a girma ɗaya alminiyam bai kai rabin nauyin zamak ba, tagulla da marar tsatsa kuma sun ɗara zamak. Kada ka wahalar da kanka da maganaɗisu. Ba ya kama zamak, ba ya kama tagulla ko alminiyam, kuma 316L ma da ƙyar yake jan sa, saboda haka ba zai raba maka gardama ba.

Mataki na biyu: bincike a wuri mai haske

Wannan aikin minti biyar ne, kuma ya kamata a yi shi duk wata. Cire reza, ka ware kayan, ka wanke, ka shanya, sannan ka je inda haske yake sosai.

Fara da gindin ƙusa, daidai inda ta haɗu da murfi. Nan ne mafi yawan kawunan zamak ke mutuwa. Kana neman farin gari ko toka-toka wanda ba sabulu ba ne, ko siririn tsagu da ya kewaye gindin. Yadda za ka bambance: busasshen sabulu yana fita da buroshi ya bar wuri sumul, cin ƙarfe kuwa in ka goge sai ka tarar da rami a ƙarƙashi. Kama ƙusar da yatsa biyu ka ɗan girgiza. Kada ta motsa ko kaɗan.

Sai zaren kansa. Tudun zare mai lafiya yana da kaifi, tazararsa ɗaya daga sama har ƙasa. In ka ga tudun sun kwanta sun yi sulɓi, ko ka goge da farin ƙyalle ka ga baƙin gari mai ƙyalli, ƙarfe ne ke zuba.

Daga nan bi saman murfi da farce. Ƙuraje ƙanana a ƙarƙashin rufi alama ce ruwa ya riga ya shiga. Kada ka fasa su. Duba kusurwoyi huɗu na murfi da na faranti, domin su ne ke fara taɓa ƙasa in abu ya faɗi. Kusurwar da ta lotse takan yi ɗan ƙaya mai yankan fata, mutum ya yi ta zargin reza alhali ba ita ba ce.

Na ƙarshe, kuma wanda aka fi mantawa: sa sabuwar reza ka ɗaure, ka riƙe kan daidai idonka. Dubi bakin reza ta sama. Ya kamata ya fito daidai wa daida a gefen hagu da dama, ya kuma tafi a miƙe tare da katanga daga wannan kusurwa zuwa waccan. Sannan juya ka leƙa ta gefe ka ga tazarar da ke tsakanin bakin reza da katanga. Kaurin reza kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, tazarar kuma a yawancin gidaje ba ta kai milimita ɗaya ba. Ka ga ke nan lanƙwasar da ido ke rainawa ta isa ta mai da gefe ɗaya mai cizo, ɗayan kuma ya ƙi cin gashi. In ka taɓa jin cewa ɓangare ɗaya ya fi ɗaya kaifi kullum, ko da ka canza reza, amsar tana nan.

Mataki na uku: koyi ɗauri

A ganina nan ne rabin rayuwar gidan reza yake, kuma nan ne mutane suka fi yi masa illa da kyakkyawar niyya. Mutum yana tsoron kada reza ta yi motsi a fuskarsa, sai ya murɗa iya ƙarfinsa. Abin da ake bukata shi ne murfi ya lanƙwasa reza ta kwanta a kan faranti, shi ke nan. Da zarar ka ji mariƙi ya tsaya, ƙara ɗan matsi kaɗan da yatsu ka bari. Duk abin da ka ƙara bayan wannan, ƙusa kake ja daga gindinta, kuma kana murje rufin da ke kan zare. A kan zamak, zaren da rufinsa ya murje shi ne ƙofar ruwa ta farko.

Ga yadda ake yi. Shimfiɗa tawul. Kifa murfi a kai, ƙusa tana kallon sama. Ɗora reza, kana riƙe da ita ta gajerun gefuna. Ɗora faranti, ka tabbata ba a kife yake ba. Kawo mariƙi a tsaye sak, ka fara murɗa shi baya, wato hagu, a hankali, har ka ji ɗan "ƙas" alamar bakin zare ya faɗa gurbinsa. Sannan ka murɗa dama. Wannan 'yar dabara ita ce maganin hawan zare a karkace, wanda sau ɗaya ya isa ya lalata ƙusar zamak ko ramin alminiyam. Zare mai lafiya da yatsa biyu yake shiga. In ka ji turjiya tun a zagaye na farko ko na biyu, tsaya, koma baya, sake farawa. Mariƙi ake juyawa, kai yana zaune a kan tawul; hakan ya fi aminci ga yatsu, ya kuma hana reza gocewa.

Akwai abu biyu masu sauƙi da ke ƙara wa zare kwana. Ɗaya, ɗigon mai. Man keken ɗinki mai tsabta ko ɗan basilin a kan tsinken sakace, sau ɗaya a wata ko bayan kowane babban wanki. Yana rage gogayya, yana kuma korar ruwa. Kauce wa man girki, domin yana daskarewa ya yi danƙo. Biyu, 'yar washa ta roba mai tauri, mai ramin milimita 5, a sa tsakanin mariƙi da faranti. Ita ke hana wannan zoben da mariƙi ke sassaƙawa a ƙarƙashin faranti, wanda shi ma wurin shigar ruwa ne.

Masu marar tsatsa kada su ce wannan bai shafe su ba. Idan ƙusa da mariƙi duk marar tsatsa ne, aka murɗa su a bushe da ƙarfi, fuskokin zaren suna iya kama juna su manne, har ya zama ba gaba ba baya. Alamar farko ita ce ƙara-ƙara ko jin kamar yashi a cikin zare. Da ka ji haka, kwance, wanke, sa mai.

Sai batun sauya mariƙi, wanda masu sha'awar abin ke yawan yi. Yawancin na zamani zarensu na ma'aunin milimita ne da ake kira M5, mai tazarar milimita 0.8, tsofaffin na Amurka kuma na ma'aunin inci ne da ake kira 10-32. Sun yi kusa da juna ƙwarai, shi ya sa sau da yawa wannan ke shiga wancan, amma ba kullum ba. In bai shiga da sauƙi ba, ba nasa ba ne. Ka kuma tuna cewa in ƙarfe mai tauri ya haɗu da mai laushi, mai laushin ne ke biyan bashi. Mariƙin marar tsatsa mai nauyi a kan murfin zamak yana da wata illar: ranar da ya faɗi, nauyin mariƙin ne zai karya ƙusar.

Mataki na huɗu: wanki da shanya

Bayan kowane aski, sassauta mariƙi zagaye ɗaya ko biyu, ka sa kan a ƙarƙashin ruwan ɗumi ya kore kumfa da gashin da suka maƙale. Kada ka buga shi a bakin wurin wanke fuska don gashi ya fita. Wannan bugun shi ne ke fasa rufi a kusurwa. Yarfe ruwan, ka goge da tawul, ka ajiye a wuri mai iska, a sassauce. Mafi kyau ma, musamman ga zamak, a ware shi gaba ɗaya a bar kowane kashi ya bushe, a kifa mariƙi ramin yana kallon ƙasa. Ruwan da ke taruwa a wannan rami yana iya yin kwanaki bai bushe ba, ƙusa kuma tana jiƙe a ciki. Kada ka bar shi a wurin wanka inda ruwa ke fantsama, kuma kada ka ajiye shi a bakin kanta inda gwiwar hannu za ta ture shi.

Duk lokacin da za ka canza reza, yi masa wankin gaske: ruwan ɗumi, ɗigon sabulun wanke-wanke, tsohon buroshin haƙori mai laushi. Jiƙa shi minti goma in dattin ya yi tauri. Ramin mariƙi kuma a share shi da auduga a kan tsinke. Wasu rezoji suna zuwa da ɗigon kakin da ke riƙe su a takarda. Kakin yana taruwa a ƙarƙashin murfi har ya hana reza kwanciya daidai. Ruwa mai ɗan zafi ko sifirit yana cire shi.

Farin dattin nan da ke dushe ƙyalli haɗuwar sabulu ne da sinadaran kalsiyam da magniziyam na cikin ruwa, kuma ya fi yawa inda ruwa ke da nauyi. Ana yawan ba da shawarar ruwan khal. Yana aiki, amma a yi hattara. A kan marar tsatsa babu damuwa. A kan mai rufi lafiyayye, a surka shi da ruwa sosai, minti kaɗan, a ɗauraye. A kan zamak da rufinsa ya riga ya fashe kuwa, ni ba na ba da shawararsa ko kaɗan, domin tsami yana cin tutiya kai tsaye.

Abubuwan da ba a kusantar gidan reza da su: bilic, wato ruwan sa tufafi fari, wanda ke huda ko da marar tsatsa, soson ƙarfe da garin goge tukunya, injin wanke kwanuka, wanda sabulunsa ke ɓata fatar alminiyam. Man goge ƙarfe ma a yi shi jefi-jefi, domin duk gogewa ɗaya tana rage kaurin rufi. Mai ruwan gwal kuwa ko man goge haƙori kada a sa masa, rufinsa siriri ne ainun.

In ka ga jan tabo a ƙarƙashin murfi ko a kan faranti, kada hankalinka ya tashi. Zamak da tagulla da alminiyam ba sa jan tsatsa. Tabon daga reza ya zo. Tun da kamfanin Wilkinson Sword ya fitar da reza marar tsatsa a 1962 matsalar ta ragu sosai, amma ƙarfen reza irin mai tauri ne da ba ya jure danshi kamar na gidan, kuma har yanzu ana sayar da masu tsatsa. Tabon yana fita da buroshi da sabulu. Maganinsa kada reza ta kwana a jiƙe a matse.

Mataki na biyar: in aski ya lalace, fara zargin reza

Mutane da yawa sun jefar da gida lafiyayye saboda laifin da ba nasa ba. In aski ya fara ja ko ƙuna, canza reza tukuna. Yawancin masu aski suna samun tsakanin aski uku zuwa bakwai daga reza ɗaya, gwargwadon kaurin gashinsu. Masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun nuna a 2020, a mujallar Science, cewa gashi, duk da ya fi ƙarfe laushi kusan sau 50, yana ɓantare bakin reza ƙanana-ƙanana, musamman in ya lanƙwasa ya haɗu da bakin a karkace. Wato dakushewar reza ba sulɓi kawai ba ce, giɓi ne. Shi ya sa jiƙa gashi da ruwan ɗumi na minti biyu ko uku kafin a fara yake ƙara wa reza kwana, shi ya sa kuma goga ta a tawul ba ya dawo da ita. Gogewar ma tana cire santsin da aka shafa wa bakin.

In sabuwar reza ba ta gyara ba, gwada wata daga kamfani daban, domin a kan sami wadda aka yanka ba daidai ba. In har yanzu, wanke ƙarƙashin murfi. Sai bayan duk wannan ne za ka koma binciken mataki na biyu. Wasu gidajen tun daga masana'anta suna da ɗan wasa a inda reza ke zama. Irin waɗannan, ka ɗaure rabi, ka daidaita reza ta gajerun gefuna da hannunka, sannan ka ƙarasa. In kuwa da can yana daidaita kansa yanzu ya daina, to tudun da ke riƙe reza sun cinye ko wani abu ya lanƙwasa.

Mataki na shida: mai ƙofofi da mai lambobi

Waɗannan suna da sassa masu motsi da ba a iya warewa, don haka datti ne babban abokin gabarsu. Gillette ya fara sayar da mai ƙofofi a shekarun 1930, ya fitar da samfurinsa mai suna Super Speed a 1947, sannan mai lambobi 1 zuwa 9 da ake kira Fatboy a 1958. Da yawansu suna aiki har yau.

In gindin ya yi tauri, kada ka sa filaya. Sabulun shekaru ne ya daskare a cikin bututun. Jiƙa shi a ruwan ɗumi da sabulu na awa ɗaya, ka riƙa murɗawa gaba da baya a cikin ruwan, ka canza ruwa, ka maimaita har ya saki. In ya bushe, ɗiga mai ta saman sandar tsakiya ka bar shi a tsaye ya gangara.

In ƙofa ɗaya tana riga ɗaya rufewa, ko ta ƙi kwanciya, yawanci faɗuwa ce ta karkatar da ɗan hannun da ke ɗaga ta. A kan tagulla gwani yana iya miƙar da shi a hankali. In ƙofofin sun rufe amma reza tana motsi, daina aski da shi sai an gyara.

Ga masu lambobi na Gillette akwai ƙa'ida biyu. Sassauta ƙofofi kafin ka juya lamba, domin juya ta a matse yana gajiyar da sifirin ɗin ciki yana cin zaren. Sannan bayan ƙofofi sun rufe akwai ƙarin murɗi kusan kwata na zagaye, wanda shi ne ke kulle reza. In wannan kwatan ya ɓace, yawanci datti ne, wanki yana dawo da shi.

Mataki na bakwai: gyara ko sauyawa

Murfin zamak da ƙusarsa ta tsage ko zarensa ya cinye ba ya gyaruwa ta hanyar da za a amince da ita kusa da fuska. Gam ba zai riƙe wannan ja ba. Abin daɗin shi ne mai kashi uku ba ya mutuwa gaba ɗaya. Kamfanoni da dama suna sayar da murfi ko kai shi kaɗai, mariƙinka yana nan. In ƙusa ta karye ta bar guntu a cikin mariƙi, ɗiga mai, ka bar shi ya kwana, ka gwada juyo guntun da bakin ƙaramin sukundireba. Ƙuraje a rufi, in ba a kan zare ko inda ke taɓa fata suke ba, ana iya ci gaba da amfani, a dai riƙa shanyawa sosai. In rufin ya fara ɓarewa a katanga ko bakin murfi, ajiye shi, domin ɓawon kuromiyam yana da kaifi.

Tagulla kusan komai nata yana gyaruwa. Katangar da ta lotse ana miƙar da ita da katako, ba da ƙarfe ba, kaɗan-kaɗan, ana gwadawa da reza bayan kowane taɓi. Ƙaya a kusurwa ana goge ta da takardar yashi mafi laushi. Akwai masu sana'ar sake rufi da nikel ko rodiyam, kuma a kan tagulla aikin yana fitowa kamar sabo. Tsofaffin Gillette na farkon ƙarni na 20 an san su da tsagewar mariƙi, saboda bututun siriri ne kuma cusa masa kai da gindi aka yi da ƙarfi. Ƙaramin tsagu ba ya hana aski, in ya buɗe kuma ana cika shi da gam mai haɗi biyu.

In na hannu ka saya ko ka gada, tsabta kafin komai. Jefar da duk rezar da ka tarar a ciki. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini aƙalla kwana 7, saboda haka kada ka yi wasa da wannan. Wanke da sabulu da buroshi har datti ya ƙare, domin maganin kashe ƙwayoyi ba ya ratsa datti. Sannan jiƙa shi a sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin 100 na minti goma, ka bar shi ya bushe da kansa. Tafasawa ta dace da marar tsatsa zalla, amma tana ɓata ruwan gwal, tana goge fentin lambobi, tana fasa mariƙin katako ko na roba. Sifirit ma yana iya taɓa fenti da katako, don haka irin waɗannan kan kawai za ka tsoma.

Rezojin da ka gama da su kuwa, nemi gwangwani mai murfi ka huda siririyar ƙofa a sama, ka riƙa zura su ciki, nesa da hannun yara. In ya cika, ka liƙe ƙofar da salatif kafin ka kai shi inda ake karɓar tsohon ƙarfe.